Ƙwaron wake da ƙwaron masara: inda suka bambanta da abin da ke kashe kowanne

A ɗebi wake cikin tafin hannu daga buhun da ya yi wata uku a ɗakin ajiya, a baza shi a kan faifai a wuri mai haske. Idan ƙwari sun shige shi, za a ga ƙananan ɗigo farare manne a jikin ƙwayoyin kamar an barbaɗa musu gishiri, da huji kewayayye tsaf kamar an sa basilla, da wasu gajerun ƙwari masu launin ƙasa-ƙasa suna gudu suna neman tashi. Sai a ɗebi masara daga buhun da ke jingine kusa da shi, ita ma a baza. A nan babu ɗigo ko ɗaya a jikin ƙwaya. Bakin hujin a yayyage yake, akwai gari-gari a ƙasan faifan, ƙwaron kuma baƙi ne, siriri, da dogon baki kamar na buta. Da an taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi lamo kamar ya mutu.

A kasuwa da cikin gida sunansu ɗaya, ƙwari, kuma magani ɗaya ake sayo musu. Daga nan asarar take farawa, domin kama da wane ba ta wane. Masana na kiran na wake Callosobruchus maculatus, Fabricius ne ya fara bayaninsa a 1775. Na masara kuwa Sitophilus zeamais, Motschulsky ya ba shi suna a 1855. Dukansu suna cikin babban rukunin ƙwari masu taurin baya, inda buzuzu da hangara suke, amma zuriyarsu daban. Na wake danginsa ƙwarin nan ne masu cin ganyen shuka, na masara kuma daga zuriyar masu dogon baki ya fito. Ƙwaron wake ba ya iya rayuwa a cikin masara, wake da gurjiya da danginsu yake bi. Na masara abincinsa hatsi ne: masara, dawa, shinkafa, alkama, har busasshen rogo da taliyar kanti.

Girmansu kusan ɗaya ne, tsakanin milimita 2.5 zuwa 4, shi ya sa ido ke ruɗewa. Amma kyamarar waya ma ta isa ta nuna bambancin idan an matso da ita. Ƙwaron wake dunƙulalle ne, kansa a sunkuye, ɓawon bayansa gajere ne bai rufe ƙarshen cikinsa ba, cinyoyinsa na baya kuma masu kauri. Macen ta fi namijin girma da duhu, tana da baƙaƙen tabo a ɓawon baya, da wasu biyu a wannan ƙarshen cikin da ke waje, farin layi ya raba su. Ƙwaron masara dogo ne, ɓawon ya rufe shi kusan duka, kuma akwai tabo huɗu masu ruwan lemo a kan ɓawon, biyu gaba biyu baya. Ƙirjinsa cike yake da ƙananan ramuka kamar bayan dawon da aka danna da tsinke. Haƙoransa suna can a ƙarshen dogon bakin, da su yake huda ƙwaya. Yana da wani ɗan'uwa, ƙwaron shinkafa, da ya yi kama da shi har ba a iya raba su sai a ɗakin bincike, kuma abin da za a faɗa kan ɗaya ya hau kan ɗayan.

Inda ƙwan yake

Wannan shi ne bambanci na farko, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Macen ƙwaron wake tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar waken, a fili. Tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba. Yana sabo garau yake kamar ɗigon ruwa, da wuya a gan shi. Bayan kwana biyar zuwa shida tsutsa ta ƙyanƙyashe, amma ba ta fitowa waje ta yi yawo. Ta ƙarƙashin ƙwan take huda ɓawon waken ta shige kai tsaye, garin da ta tono kuma ya cika kwanson ƙwan da ta bari. Wannan garin ne ke mayar da shi fari. Saboda haka farin ɗigon da ake gani a jikin wake ba ƙwai ne mai jiran ƙyanƙyasa ba, shaida ce cewa tsutsa ta riga ta shiga. Mai goge ɗigon da hannu yana ganin ya tsabtace wake bai cire komai ba.

Macen tana da tsari wajen zuba ƙwai. Takan shafa ƙwayar ta ji ko wata ta riga ta, ta fi son wadda babu kowa a kanta, tana rarraba ƙwan ɗaya nan ɗaya can. Sai wuri ya ƙure take tara da yawa a ƙwaya guda. Don haka yawan ɗigo a kan kowace ƙwaya ma'auni ne mai kyau. Ɗigo ɗaya jefi-jefi yana nufin abin yanzu ya soma. Idan ana ganin huɗu ko biyar a kan yawancin ƙwayoyin, buhun ya cika da su, kuma nan da mako uku kowace ƙwaya za ta fito da huji barkatai, tun da wake ɗaya na iya rainon tsutsotsi da dama a lokaci guda.

Macen ƙwaron masara ba ta yin haka. Tana sa dogon bakinta ta haƙa siririn rami a jikin ƙwayar, ta juya ta saka ƙwai ɗaya a ciki, sannan ta toshe bakin ramin da wani ruwa mai danƙo da ke bushewa ya saje da launin masarar. Ido ba ya ganin wurin. A ɗakin bincike sai an jiƙa masarar a wani jan rini kafin toshiyar ta bayyana. Ma'anar wannan ga mai saye da ajiya ita ce masara na iya zama tas, mai sheƙi, babu huji ko ɗaya, alhali tana ɗauke da ƙwai da tsutsa. Mai sayen wake a Dawanau yana iya dogara da idonsa zuwa wani mataki. Mai sayen masara ba zai iya ba. Hanyar da ta rage masa ita ce ya ɗebi ɗan samfur a kwalba, ya ɗaure bakinta da ƙyalle, ya ajiye mako biyar zuwa shida ya ga abin da zai fito, ko kuma ya ɗauka tun farko cewa akwai su ya yi ajiyarsa a kan haka. Na biyun ya fi hankali.

A cikin ƙwaya rayuwar tsutsotsin biyu ta yi kama. Fara ce, lanƙwasasshiya, tana saɓa sau huɗu, sannan ta kwanta ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Tsutsar wake kafin ta kwanta takan ci har ta iso dab da ɓawo, ta bar shi siriri kamar takarda. Wannan shi ne ɗan kewayayyen tabo mai duhu da ake gani a jikin wake, kamar taga. Ƙwaron na gama rikiɗa sai ya yanke tagar ya ture ta, shi ya sa hujinsa yake fita a kewaye tsaf. Na masara da haƙori yake cin hanyarsa ya fito, bakin hujin ya zama a yayyage. A ƙananan ƙwayoyi irin dawa da alkama yawanci ƙwaro ɗaya ke fita, domin idan tsutsotsi biyu suka haɗu a ciki babbar na cinye ƙaramar. Ƙwayar masara tana da faɗin da za ta ɗauki fiye da ɗaya.

Mai gaggawa da mai jinkiri

Ƙwaron wake mai gaggawa ne. A zafin da ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku ne zuwa huɗu. Babban ba ya buƙatar ci ko sha. Da guzurin da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, kwana goma zuwa sha huɗu ya mutu. Cikin awoyi kaɗan da fitowarsa ya yi barbara, macen kuma tana zubar da mafi yawan ƙwanta, wanda kan kai kusan ɗari, a kwanakin farko. Duk ɓarnar da ake gani a wake aikin tsutsa ce.

A yi ɗan lissafi a kan wannan. A ɗauka mace ɗaya ta bar 'ya'ya mata 20 da suka rayu, wanda bai kai iyakar abin da take iyawa ba. Bayan wata ɗaya 20 ne, wata biyu 400, wata uku 8,000, wata huɗu 160,000. Waken da aka ɗaure a Nuwamba da ƙwari ƙalilan, sanyin hunturu ya ɗan rage musu gudu, da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai abin ya fashe gaba ɗaya. Manomi yakan ce dare ɗaya ƙwari suka cinye masa wake. Ba dare ɗaya ba ne, zagaye na huɗu ne ya fito fili. Kuma bushewar iska ba ta cika damun wannan ƙwaro ba, domin tsutsar daga abincin da take ci take samar wa jikinta ruwa. Shi ya sa ya zama babban abokin gabar wake a Najeriya da Nijar, ƙasashe biyun da suka fi kowa noma shi a duniya.

Akwai wani hali nasa da ya kamata a sani. Idan buhu ya cunkushe, zafi ya yi yawa a ciki, sai a fara samun wani nau'i na ƙwaron da ya fi haske, ya fi son tashi, ƙwansa kaɗan, ransa kuma ya fi tsawo. Wannan nau'in ne ke barin ɗakin ajiya ya nemi gona, ya zuba ƙwai a kan kwasfar waken da ta fara bushewa. Ta haka ɗakin ajiyar bara ke aika ƙwari gonar bana, su dawo gida tare da sabon wake. A gonakin Nijar da sauran yankin Sahel akwai wani ɗan'uwansa, Bruchidius atrolineatus, wanda shi ma ke shiga wake tun a gona, amma yakan daina haihuwa idan rani ya yi nisa, ya bar wa wannan fili.

Ƙwaron masara mai jinkiri ne, amma mai naci. A yanayin da ya fi masa daɗi, digiri 27 da iska mai laima, yana ɗaukar kwana 35 kafin ya fito, idan yanayi bai yi masa ba ya haura kwana 100. Sai dai babban yana rayuwa watanni da dama, yana ci kullum, macen kuma tana ci gaba da saka ƙwai kusan duk tsawon ranta, fiye da ɗari. A masara ɓarnar ta fuska biyu ce, tsutsa na ci daga ciki, babba na ci daga waje, kuma shi ke kawo garin da ake gani a ƙasan buhu.

Rauninsa shi ne danshi. Idan danshin ƙwaya ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, macen ba ta cika saka ƙwai ba. Wannan ya sa ɓarnarsa ta fi tsanani a kudu da tsakiyar Najeriya, inda ake girbe masara cikin ruwa, fiye da can arewa mai nisa inda iskar hunturu ke busar da hatsi ƙarau. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Masarar da ta tsallake rani lafiya a Katsina ko Maraɗi tana tsotsar laima daga iska da zarar damina ta kama, kuma daga Yuni zuwa Satumba ƙwaron ke farfaɗowa, daidai lokacin da hatsin ya fi daraja. Gero ya fi samun sauƙi a hannunsa saboda ƙanƙantar ƙwayarsa. Ƙwaron yana tashi sosai, yana kuma shiga masara tun tana tsaye a gona, musamman goyon da ɓawonsa bai rufe bakinsa ba ko wanda tsuntsu ya fasa.

Ɓarnarsa ba ta tsaya ga rage nauyi ba. Numfashin dubban ƙwari a cikin buhu yana haifar da zafi da gumi. Idan aka tura hannu tsakiyar buhu aka ji ɗumi, to ana cikin wannan hali. Ɗumi da danshi da fasassun ƙwayoyi su ne abin da fumfuna ke so, ciki har da mai fitar da gubar afalatoksin da ke lalata hanta, kuma ƙwaron da kansa yana yawo da ƙurar fumfunar a jikinsa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Masarar da ta yi ƙwari ta kuma yi kore-kore ko warin ruma ba ta dace da tuwo ba, ba ta dace da kaji ba.

Wani ɗan tsokaci: idan aka ga gari ya yi yawa fiye da kima, ƙwaron kuma ba shi da dogon baki, kansa a ɓoye ƙarƙashin ƙirji, har yana huda katako, wannan wani ne daban, Prostephanus truncatus, wanda ya shigo Afirka daga Amurka ta Tsakiya, aka gan shi a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, a Togo kuma a 1984. Jajayen ƙwarin nan shimfiɗaɗɗu da ake samu a garin masara su ma daban ne, ba sa iya fasa lafiyayyar ƙwaya, bayan waɗannan suke bi.

Abin da ke aiki a kan wane

Tankaɗe da rariya da shanya sama-sama shi ne abin da kowa ke fara yi. A wake amfaninsa kaɗan ne. Ƙwarin da aka tankaɗe sun riga sun zubar da ƙwansu, kuma ko an bar su kwanakinsu ƙidayayyu ne. Haka ma tarin matattun ƙwari a ƙasan buhun wake ba alamar an huta ba ce, tsofaffi ne suka mutu, 'ya'yansu na ciki. A masara tankaɗe ya fi ma'ana, tun da kowace macen da aka cire da ta yi watanni tana saka ƙwai. Sai dai a ƙone ko a zuba abin da aka tankaɗe a ruwan zafi, domin idan aka watsar a tsakar gida da ƙafarsu za su koma. Kuma a maimaita, saboda na ciki suna nan tafe.

Man gyaɗa yana aiki a wake ne saboda ƙwan a waje yake. Cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ga kowane kilo na wake, a cuɗa sosai har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Man yana toshe ƙofar da ƙwan ke shaƙar iska, ya kuma hana sabon ƙwai kamawa da kyau. Binciken da aka yi a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a shekarun 1970 ya tabbatar da wannan ma'auni. Inda ake kuskure shi ne a zuba man a sama a ɗan juya, rabin waken bai taɓa shi ba, ko a sa shi bayan tsutsa ta riga ta shige. Dabara ce ta waken ci a gida, tiya biyar ko goma. Buhu mai kilo 100 zai ci rabin lita, kuma waken yakan kama ƙura ya rage kyan gani a kasuwa. A masara man ba ya kai wa ga ƙwan da ke binne.

Toka ma ta wake ce, musamman iri. A tankaɗe tokar murhu mai sanyi a cire gawayi, a haɗa kwano ɗaya na toka da kwano ɗaya na wake, a zuba a tukunya ko tulu a danna, sannan a rufe saman da toka mai kaurin santimita 3. Tokar ba guba ba ce. Cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi take yi, ƙwaron da ya ture tagarsa ya rasa hanyar fita, ya mutu bai sadu da mace ba. Ga ƙwaron da ransa kwana goma ne, wannan ya isa. Barbaɗa toka kaɗan a kan wake ba ya yin komai.

Zafin rana yana kashe duka biyun, amma ba shanyar da aka saba ba. Digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwaron wake a kowane mataki, daga ƙwai har babba, kuma shanya a kan tabarma ba ta cika kai cikin ƙwaya wannan zafin ba. Yadda aka tsara shi a Marwa ta Kamaru, cikin aikin haɗin gwiwa da Jami'ar Purdue ta Amurka, shi ne a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa don kada ƙasa ta janye zafin, a ɗora baƙar leda mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3, a baza wake kilo 50 a kai ba tare da tudu ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefunan biyun tare a danne da duwatsu. Awa biyu a tsakiyar rana. Abin da ke ɓata aikin shi ne kaurin shimfiɗa, ko iska na shiga ta gefe, ko hazo ya tare rana. Kuma zafi ba ya barin kariya a bayansa. Idan aka mayar da waken tsohon buhu, an koma gidan jiya.

Garin maganin da aka yi musamman don hatsi, irin Actellic, yana kashe ƙwaron da ya taka shi ne. Bai shiga cikin ƙwaya. Saboda haka bayan an sa shi za a ci gaba da ganin sabon huji na wasu makonni, na ciki ne ke fitowa su mutu. Wanda bai san haka ba sai ya ce maganin jabu ne, ya ƙara wani a kai. A bi ma'aunin da ke jikin kwalin, a cuɗa da shebur a kan shimfiɗa, ba a cikin buhu ba.

Ƙwayar Phostoxin, wadda wasu 'yan kasuwa ke kira bom, ita ce ke kai wa ga na ciki, domin iska mai guba take fitarwa. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram ɗaya na gubar. Sharaɗinta wuri ya kasance a toshe ruf na aƙalla mako ɗaya, saboda ƙwai da tsutsar da ta kwanta rikiɗa, musamman na ƙwaron masara, suna jure mata, sai sun kai matakin da numfashinsu ya ƙaru take kama su. Jefa ta a buhun saƙa da iska ke ratsawa yana kashe manyan ne kawai, ya bar masu juriya su hayayyafa, gubar kuma ta fita ta cika ɗakin. Wannan iska tana kashe mutum. Ba a sa ta a ɗakin kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango ko rufi da inda mutane ko dabbobi ke kwana. Aikin wanda aka horar ne.

Fiya-fiya kuwa ba ta da gurbi a kan abinci ko kaɗan. Sinadarin da ke cikinta, dichlorvos, shi ne dalilin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun sa fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo. Waken da Turai ta ƙi, irinsa ne ke zama ƙosai da alala da ɗanwake a gidajenmu. Kuma ko ta fuskar kashe ƙwarin ba ta biya ba, tun da tsutsar na cikin ƙwaya.

Abu ɗaya da ƙwarin biyu suka yi tarayya a kai shi ne numfashi, kuma nan ajiya mai toshe iska ta fi sauran. Buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Jarka mai murfi da roba, ko duro mai murfin da ke ɗaurewa, aikinsu ɗaya. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar oksijin, daga kashi 21 cikin 100 ta sauko ƙasa sosai. Sai su daina ci, su daina girma. Tsutsar wake kuma da oksijin take sarrafa abinci ya zama ruwa a jikinta, don haka ƙishirwa ce ke ƙarasa ta. Wani abin lura shi ne buhun da ƙwari suka fi yawa shi ya fi saurin shanye iskarsa.

Kafin a zuba komai, a buɗe kowace leda a cika ta da iska, a murɗe baki a danna, a saurara ko tana sacewa. A zuba ɗan hatsi a ta farko don ta zauna, a saka ta cikin ta biyu, a saka su cikin buhun saƙa, a ci gaba da zubawa ana girgizawa. A bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi, a ɗaure da igiya ko robar taya. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure ukun wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Hatsin ya zama an sheƙe shi tas, domin guntun kara ko tsakuwa na huda leda. Jarka da duro a cika su har wuya, tun da rabin duro iska ce da za ta ciyar da ƙwari makonni.

A nan ma bambancin biyun bai ɓace ba. Ƙwaron wake da ke fitowa daga ƙwayar da ta manne da leda yakan yanke ledar tare da tagarsa, shi ya sa ake samun ƙananan huji a ledar ciki, kuma dalilin ta biyun ke nan. Masara kuma matsalarta danshi. Idan aka toshe ta ba ta bushe ba, za ta yi tsami, iri ya mutu. A kai danshinta kashi 13 cikin 100 ko ƙasa. Inda babu na'urar awo, a sami busasshiyar kwalba, a zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar, a rufe a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15 a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar na bukatar ƙarin shanya.

Tun daga gona ake rage yawan waɗanda za a shigo da su. Wake a riƙa tsince shi da zarar ya bushe, kada a bar shi ya jira na baya. Idan ba za a toshe shi nan da nan ba, barinsa cikin kwasfa ya fi sussuke shi, domin tsutsotsi da yawa na mutuwa wajen ratsa kwasfar. Masara a zaɓi irin da ɓawonsa ke rufe goyo har baki, kuma mai ƙwaya mai tauri ta fi mai laushi jurewa. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019 kariyarsa daga tsutsar da ke cin fure da kwasfa a gona ce, ba daga ƙwaron ajiya ba, don haka shi ma sai an toshe shi. Ɗakin ajiya a share shi, a liƙe tsagogin bango inda ƙwaron masara ke fakewa yana cin zubabben hatsi, tsofaffin buhuna a juya su a kakkaɓe ɗinkin ko a tsoma a tafasasshen ruwa, kuma sabon hatsi kada ya kwana kusa da na bara.

Buhunan da aka ɗaure a ɗora su a kan katako, nesa da bango, ba a rana ba. Ɓera shi ne babban mai ɓata su, don haka a zagaya a duba duk wata, inda ya huje a liƙe da salatif mai ƙarfi ko a sauya ledar. Kada a buɗe a cikin wata biyun farko. Idan buhun na cin gida ne, a riƙa ɗibar na wata guda a zuba a jarka, a matse iska a sake ɗaure ledojin ɗaya bayan ɗaya nan take, domin duk buɗewa sabuwar iska ce ke shiga.